Fam 60 don ganin alerse da huhun bishiya: yawon ya yi, rabon lokacin ne bai yi ba

Kamfanin ƙarami ne, mutum biyu da bas ɗaya, kuma ba zan kama sunansa ba tunda akwai ƙorafi a bakina. Abin da suke sayarwa shi ne yini guda a yankin Cowal na yammacin Sikotland: da safe lambun tsirrai na Benmore, da rana wani tsohon kurmi a gaɓar Loch Fyne. A tallarsu sun yi alkawarin nuna wa mutum halittu biyu da ke cikin haɗari, bishiya ɗaya mai suna alerse da laikin ɗaya (wata halitta mai manne wa jikin itatuwa) mai suna huhun bishiya, a kwatanta su. Fam 60 ne kowane kai, har da kuɗin shiga lambu da miyar rana. Kuɗin bai faɗi a banza ba. Sai dai abin da ya fi cancantar kuɗin shi aka bari sai da kowa ya gaji, aka ba shi ragowar lokaci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon ƙirji a Gilasgo, ba ruwana da tsirrai. Kawuna ne ya zo mana ziyara, tsohon ma'aikacin gandun daji wanda ya yi ƙuruciyarsa yana renon fayin a Afaka ta Kaduna. Kantuna sun ishe shi, gidajen tarihi ma haka. Ya ce mini, "Uwata, ƙasar nan ba su da daji ne?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kirana da sunana ba. Dalilin da na biya wannan yawo ke nan.

Zuwa wurin ba wuya. Jirgin ƙasa daga Gilasgo zuwa Gourock, daga nan jirgin fito ya tsallaka da mu Dunoon. A nan aka ce bas zai tarbe mu. Ya makara da kusan rabin awa, ba waya ba saƙo, muna tsaye a yayyafi da dattijo. Da suka iso sun ba da haƙuri, amma wannan rabin awar daga baya muka gane daga aljihun wa aka cire ta.

Benmore reshe ne na babban lambun tsirrai na Edinbura, mil bakwai arewa da Dunoon, a gefen dutse inda ruwan sama ba ya wasa. Da shigarka za ka ci karo da layin manyan itatuwan sikwaya na Kalifoniya da aka shuka a 1863, yanzu sun haura mita 50. Kawu ya tsaya, ya tura hularsa ƙeya, ya zagaya gindin guda yana ƙirga taku. "Wannan ko zarto ya gani sai ya yi salati," in ji shi. Wurin ya kai a tsaya, ban musa ba. Amma ba su muka biya mu gani ba, kuma jagorarmu ta bar mutane suna ɗaukar hoto har na fara duba agogo.

Bishiyar da aka zo dominta tana can sama, a ɓangaren da aka keɓe wa tsirran ƙasar Cile. Sunanta alerse, masana na ce mata Fitzroya cupressoides. Dangin fayin ce da bishiyar Kirsimeti, irin itatuwan da ba sa fure, sai dai su fitar da ɗan kwanso mai iri. A duniya, kudancin Cile da wani ɗan yanki na Ajantina kaɗai take fitowa da kanta. Kada wanda zai je ya sa rai da abin mamaki: na Benmore yara ne, rassansu a sunkuye, ganyen ƙanana sun jeru uku-uku a jikin reshe, ɓawon ja-ja yana saɓulewa tsiri-tsiri. Da ba a nuna mini ba, da wucewa zan yi. Labarinta ne mai nauyi, kuma a nan jagorar ta nuna ta san aikinta.

A 1993 masana biyu suka ƙirga zoben shekara a kututturen wata alerse a Cile, suka sami 3,622. In ban da wani irin fayin na duwatsun Kalifoniya, babu bishiyar da aka tabbatar ta fi ta daɗewa ta hanyar ƙirga zobe. Jagorar ta ƙara da cewa akwai wata mai rai a gandun Alerce Costero, ana ce mata Gran Abuelo, wato babban kaka, wadda a 2022 aka ce ta wuce shekara 5,000. Nan Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce in tambaye ta yaya aka ƙirga zoben bishiyar da ba a sare ba. Ta ce an huda ta da siririn ƙarfe an zaro ɗan tsinken katako, amma ƙarfen bai kai tsakiya ba, sauran shekarun lissafin kwamfuta ne. Kawu ya ce to wancan ƙirga ne, wannan kintace ne, a daina haɗa su. Ta yi dariya ta ce masana da yawa ma haka suka ce. Na ji daɗin yadda ba ta kare kanta ba.

Abin da ya ci alerse shi ne kyawun katakonta. Ba ya ruɓewa da wuri, kuma yana tsagewa sumul, don haka aka yi ta fasa shi ana yin fale-falen rufin gida. A tsibirin Chiloé har kuɗi aka taɓa yi da allunansa, ana sayen kaya da su, kuma tsofaffin majami'un katako na tsibirin da shi aka rufe da yawansu. Ɓawon ciki kuma da shi ake toshe kafar jiragen ruwa. A ƙarni na 19 aka cinna wa dazuzzukan kusa da Puerto Montt wuta don a samar wa baƙin manoma daga Jamus fili. Bishiya ce mai jinkirin girma ƙwarai, wadda aka sare yau ba jikan jikanka ba ne zai ga madadinta. A 1976 gwamnatin Cile ta hana sare mai rai, amma ta bar ƙofa a buɗe: ana iya ɗibar katakon wadda ta mutu. Kawu bai jira an ƙarasa fassara masa ba, ya ce, "Ai sai su kashe ta su dawo baɗi." Haka kuwa aka yi ta yi, ana sa wuta ko a zare ɓawon gindi a jira. Cinikin katakonta tsakanin ƙasashe haramun ne a ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke cikin haɗari.

Me ya kawo ta Sikotland? Tun 1849 wani mai farautar tsirrai, William Lobb, ya kawo ta Birtaniya. Daga baya da aka bincika, sai aka tarar kusan duk alersen da ke lambunan Birtaniya daga tushe guda suke, an yi ta yankan reshe ana dasawa. Wato a ido bishiyoyi ne da yawa, a jini kuwa guda ɗaya ce, cutar da ta kama ɗaya za ta iya kwashe duka. A 1991 lambun Edinbura ya kafa shiri na musamman don ceto wannan dangi na itatuwa, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'insa ke fuskantar barazana. Suna zuwa ƙasashen asali su tattaro iri daga wurare daban-daban, su rena, su raba wa lambuna da gandaye masu yawa, kowace bishiya da lambarta da tarihin inda uwarta take. Ɗan allon da ke rataye a wuyan wadda muka gani ke nan. Kawu ya daɗe yana juya shi a hannu. Wannan aiki ne da ya sani, renon iri da rijista, sai dai nasu an ba shi kuɗi da shekaru.

Abincin rana miyar kayan lambu ce da burodi, babu nama a ciki, don haka ba mu sha wahalar tambaya ba. Direban ya bar mana bas ɗin muka yi azahar a ciki ba tare da mun roƙa sau biyu ba, wannan kuma na yaba. Amma an zauna shan shayi har ya wuce misali.

Sai wajen ƙarfe uku muka isa kurmin. Jagorar ta roƙe mu kada mu bayyana takamaiman wurin, na kuma riƙe alkawari. Tsofaffin itatuwan ok ne da hezil da ash, gajeru, a murɗe, a kan gangaren da ruwa ke tsiyaya ta ko'ina. Irin wannan daji su ke kira dajin ruwan sama na ƙasar sanyi, kuma abin da ya rage a Sikotland bai wuce kimanin hekta 30,000 ba, a warwatse gutsure-gutsure a gaɓar yamma. Kowane reshe a lulluɓe yake da wani abu. Ta kai mu gindin wani ash, ta nuna wani abu mai faɗi kamar ganye a manne a jikinsa, wani ya kai tafin hannu, kore shar saboda ruwan da aka yi. Ta ce in ya bushe yakan koma ruwan ƙasa ya ƙanƙance, ka rantse ya mutu, da an yi yayyafi kuma ya farfaɗo cikin mintoci.

Wannan shi ne huhun bishiya, Lobaria pulmonaria. Fuskarsa rami-rami ce da jijiyoyi a tsakani, kuma ni da nake ganin hoton ƙirji kullum na shaida sunan bai yi ƙarya ba. Saboda wannan kamar ne mutanen Turai na da suke dafa shi su ba mai tari, bisa imanin cewa tsiron da ya yi kama da wata gaɓa maganinta ne. Ba zan ba majinyacina ba. An kuma yi rinin ulu da shi, yana ba da launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja.

Kawu na ganinsa ya ce kauci ne. Duk Bahaushen da ya ga abu a manne a jikin bishiya haka zai ce, kuma nan ne bambancin yake. Kauci na soka saiwarsa cikin reshe ya sha ruwan bishiyar. Laikin ba shi da saiwa ko kaɗan, wurin zama kawai yake nema. Ba ma tsiro ba ne. Haɗin gwiwa ne: akwai naman gwari, dangin funfuna, shi ne ya gina jikin, a cikinsa akwai ƙwayoyin gansakuka da ke haɗa abinci daga hasken rana, shi huhun bishiya kuma yana da abokin zama na uku, wata bakteriya mai suna Nostoc da ke kamo naitirojin daga iska. Wani masani ɗan Suwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara cewa laikin ba halitta ɗaya ba ce, a 1867, kuma manyan masanan zamaninsa suka yi masa ca. Wanda ya taɓa sayen shaiba a shagunan kayan ƙamshin girki a Saudiyya ya riƙe laikin a hannunsa, wani nau'in ne daban.

Ta miƙo gilashin ƙara girma mai ninki goma. Mu goma sha ɗaya, gilashi huɗu, wannan ma ƙorafi ne, abin da bai fi 'yan fam kaɗan ba a kasuwa. Da layi ya zo kaina na kara ido, sai ga wasu 'yan ƙuraje kamar gari a bakin jijiyoyin. Su ne 'ya'yansa: kowace ƙwaya ɗaya ɗan ƙunshi ce na naman gwarin da gansakukar tare, ruwa ko iska ko ƙafar dodon koɗi ta ɗauke shi zuwa wata bishiya. Yawanci ba sa nisa. Kafin kuma ya kai ga fitar da ƙwayar haihuwa mai tafiya nesa, sai ya shekara wajen talatin. Shi ya sa ganinsa alama ce ta cewa wurin ya daɗe yana daji ba a taɓa share shi ba. In aka sare kurmi aka sake shuka sabo, bishiya za ta dawo, shi ba lalle ya dawo ba, don ba shi da ta inda zai tsallako.

Tunda ba shi da saiwa, duk abin da yake ci da sha daga iska da ruwan sama yake zuwa, kuma ba shi da fatar da za ta tace. Abin da iska ta ɗauko, shi zai haɗiya. A nan maganar ta shigo unguwarmu. Tun 1866 wani masani, William Nylander, ya lura laikin na ɓacewa daga wani lambu a tsakiyar birnin Faris, ya ɗora laifin a kan hayaƙi. Hayaƙin kwal na ɗauke da iskar farar wuta, kuma huhun bishiya na cikin waɗanda ba sa jure ta ko kaɗan. Zamanin masana'antu ya share shi daga mafi yawan Ingila da filayen Turai. Wannan hayaƙin dai shi ne ya turnuƙe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, har aka yi dokar tsabtace iska a 1956. A sashenmu har gobe muna kwantar da tsofaffin da suka tashi cikin hayaƙin Gilasgo ta wancan zamani. Iskar farar wuta ta ragu sosai yanzu, amma wata ta maye gurbinta: amoniya daga taki da gonakin dabbobi, wadda ita ma ba ta yi masa daɗi.

A yammacin Sikotland iskar daga teku take zuwa, shi ya sa ya tsira. Matsalarsa a nan daban ce. Akwai wani furen ado, rododendiron, da aka shigo da shi ya tsere daga lambuna, yana cika ƙasan kurmi ya toshe haske. Akwai barewa da suka yi yawa, suna cinye kowane ɗan tsiro, ta yadda in tsofaffin itatuwan suka faɗi babu matasan da za su gaje su. Ga kuma cutar da ke kashe ash, wadda aka tabbatar da shigowarta Birtaniya a 2012, alhali ɓawon ash na cikin waɗanda ya fi so. Bishiyar da muka tsaya a gindinta rabin rassanta na sama sun bushe.

Tallar kamfanin ta jera su biyun kamar matsalarsu ɗaya, kuma a nan na saɓa da ita. A lissafin duniya alerse ce ta fi ƙaranci. Huhun bishiya yana Arewacin Amurka, yana Asiya, yana wasu sassan Afirka, raguwarsa a Turai ce ta yi muni, inda ƙasashe da dama suka sa shi a jerin masu fuskantar barazana. Jagorar ta faɗi haka da aka tambaye ta. Amma wajen ceto, bishiyar ta fi shi gata nesa ba kusa ba. Alerse ana ɗibar irinta a ambulan, a tsallaka teku da shi, a rena a tukunya, a rataya mata lamba. Fayin ɗin Wollemi na Ostareliya, wanda aka gano a 1994 kuma manyansa a daji ba su kai 100 ba, tun 2006 ake sayar da 'ya'yansa a tukwane ga duk mai so. Laikin ba a yi masa haka. Iyakar abin da ake iyawa shi ne irin wanda aka yi a kwarin Borrowdale na arewacin Ingila a 2020: wani tsohon ok ya faɗi, aka ɓamɓare huhun da ke jikinsa aka liƙa wa wasu itatuwan da raga da gam, aka koma jira. Ko wannan ma sai akwai tsohuwar bishiya a kusa, da laima, da haske daidai, da iska mai tsabta. Mai son ceto shi dole ya ceto kurmin gaba ɗaya, har da iskar da ke kaɗawa a kansa.

Kawu bai yarda da ni duka ba. Ya ce bishiyar da ke lambu a ƙasar wasu ba daji ba ce, ajiya ce, kuma wadda ta shekara dubu uku ba a mayar da ita da 'yar shekara talatin mai lamba a wuya. Na ce, "Kawu, ku dai kun fi son abin da ake aunawa da tef." Ya ce ƙwarai kuwa. Amma shi ne aka yi ta kira ya fito daga kurmin, ya riƙe gilashi ɗaya cikin huɗun nan ya hana kowa.

Duka-duka ba mu yi awa ɗaya a wurin ba, saboda a kama jirgin fito na komawa. Jagorar tana cikin nuna mana wasu nau'o'in a kan hezil, wani toka-toka, wani mai kamar rubutu a jikin ɓawo, direba ya fara danna ham. Lambun Benmore kowa na iya zuwa da kansa ya biya kuɗin ƙofa ya karanta alluna, a buɗe yake daga Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Kurmin ne ba ka iya shiga ka gane komai sai da wanda ya sani, kuma don shi ne fam 60 ɗin ya halatta. Na rubuta musu na ce su juya tsarin, a fara da kurmi da safe, a rage hoto da shayi, a ƙaro gilasai. Sun amsa cikin ladabi cewa za su duba.

Wanda zai je ya tambaye su tun kafin ya biya ko awa nawa za a yi a kurmin, in ba su kai biyu ba ya nemi ragi. Ya sayi gilashinsa ya tafi da shi. Turancin jagorar na mutanen yankin ne, mai sauri, don haka in da dattijo za a je a shirya yin tafinta yini guda. Hanyar kurmin santsi ce da gangara, ba ta mai ciwon gwiwa ba ce, kuma takalmin ruwa da rigar ruwa wajibi ne ko da an wayi gari da rana. Daga ƙarshen bazara zuwa Satumba akwai wasu mitsi-mitsin ƙudaje masu cizo da ke tasowa da yamma in iska ta kwanta, a tafi da man shafawa na korarsu. In an dawo gida kuma a duba jiki da kyau, musamman bayan gwiwa da ƙugu, saboda kaska. Ta wannan yanki tana iya ɗauke da cutar Lyme, kuma duk wanda ya ga jan zobe yana faɗaɗa a inda ta cije shi ya je wurin likita, kada ya jira zazzaɓi.